Ranar da Na Kasa Yi wa Surukina Tsawa

Shekaranjiya na fita sayen maganin ciwon gwiwa, na bi ta bayan tashar Bodinga inda garejin ubangidana yake a da, na dawo gida ban sayi maganin ba. Garejin dai babu shi tuntuni. Shagunan cajin waya ne yanzu a wurin, da masu gyaran keke mai ƙafa uku, sai rumfa ɗaya a ƙarshen layi inda wani bakanike yake taɓa tsofaffin motoci. A gaban rumfar na ga wata akori-kura a kan jak, irin wadda na tuƙa da ƙuruciyata, mutumin yana fitar mata da iskar birki. Shi kaɗai yake aikin. Babu kowa a kujerar direba, babu mai cewa taka, babu mai amsa na taka. Na dogara sandata na tsaya ina kallonsa kamar baƙauyen da ya ga jirgi.

A zamaninmu ba a yin wannan aiki shiru. Idan ka doshi gareji da hantsi, tun kafin warin baƙin mai ya gauraya maka da na albasar da ake lodi a tasha, kunnenka ya riga ya isa. Ga guduma a kan ƙarfe, ga rediyon mai faci, ga mai fura tana buga ludayi a bakin ƙwarya don mu san ta iso, kuma a saman duk wannan sai ka ji murya biyu suna jifan juna. Ɗaya daga ƙarƙashin mota: “Taka! Taka! Riƙe!” Ɗaya daga sama: “Na riƙe!” Sai ɗan shiru, sai “Saki!” Da wannan kira na girma, har ina yin sa a hanya ni kaɗai idan an aike ni ɗebo ruwa. Yanzu ka zagaye garin nan kaf, ƙarar janareto za ka ji da waƙoƙin waya.

Ubangidana, Allah ya jiƙansa, gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, kuma ba ya buɗe bonet sai ya fara zama ya taka birki da ƙafarsa ba takalmi. Yakan ce, “Ƙahwa ita ka gani, ido shaida na kawai.” Idan aka kawo mota birkinta ya yi laushi, sai ya zaunar da kai ya ce ka danne ka gaya masa abin da ka ji. Idan ka danne ka riƙe, abin takawar yana zamewa ƙasa a hankali alhali babu ɗigon mai ko’ina, to robar masta ce ta mutu, wato tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi. Idan ka buga sau biyu ya taso ya tsaya ƙyam, takalman birki ne suka cinye. Amma idan ka yi ta bugawa yana tasowa yana lotsawa kamar ka taka buhun auduga, iska ce ta shiga. A nan zai murɗe maka kunne ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, je ka nemo tsagar. Sai ka duba kofin mai ka ga ya ragu, ka kwanta ka leƙa bayan kowace taya, wadda ka samu a jiƙe ita ce ɓarauniyar.

Toshe tsagar ba wuya. Korar iskar ce sai mutum biyu, kuma sai sun yarda da juna. Na sama zai buga birki ya danne. Na ƙasa zai kwance wani ɗan noti a bayan taya, mai ya feso da kumfa, a daidai lokacin nan abin takawar zai faɗa har ƙasa a ƙarƙashin ƙafar na sama. To a nan ake gane mutum. Dole ya ci gaba da dannewa har na ƙasa ya ɗaure notin ya ce saki. Idan ya ɗaga ƙafa notin yana buɗe, motar za ta zuƙi iska ta koma da ita ciki, an yi asarar mai an koma gidan jiya. Saboda haka ubangidana yake da doka ɗaya da ba ya sassauta wa kowa: “Ƙarƙashin mota babu babba. Wanda ad da sifana shi na sarki.” Da idona na ga ya daka wa wani attajiri mai babbar riga tsawa don ya ɗaga ƙafa, attajirin ya ba shi haƙuri. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na san dokar tun ban fara aske gemu ba.

Da na kama ƙarfi sai na bar kanikanci na koma tuƙi. Akori-kura aka ba ni, tsohuwa, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, birkin hannunta ya tsinke tun kafin ta zo hannuna. Ina jigilar gero da albasa da mutane a samansu tsakanin Bodinga da Shagari, ranar kasuwa in shiga Kajiji da Lambara da ƙauyukan da ke bayansu. Ina ji da kaina a lokacin. Na ɗauka tunda na san cikin mota, mota ba za ta ci amanata ba, kuma irin wannan jin kai ne yake sa ɗan bakanike ya fi kowa yawo da lalataccen birki.

A wani ƙauye bayan Kajiji na yi aure. Matata mai dariya ce da tsokana, tana gane hon ɗina tun daga bakin gari, kuma ba ta taɓa barin baƙaƙen faratana sun huta da ba’a ba. Mahaifinta kuwa dogon dattijo ne manomi, mai ’yan shanu, maganarsa ba ta da yawa ko da tsaransa. Ni da shi sai abin da al’ada ta yanka mana. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. Idan na hango shi a hanya sai in saki hanyar in bi ta gona. Shekara biyu da auren, maganar da ta shiga tsakaninmu ba za ta cika ludayi ba, kuma duk garin ana yabona a kan haka, ana cewa direba ne amma ɗan mutunci. Ita ma bai taɓa kiran sunanta ba, don ’yar farinsa ce, sai dai ya ce “waccan” ko “yarinyar nan”. Ta taɓa ba ni labari tana dariya cewa lokacin da ta yi ƙyanda tana ƙarama, wuni uku ya yi a bayan ɗakin da take kwance yana tufka igiya, igiyar da babu wanda ya san me za a ɗaure da ita. Haka soyayyar mutanen da take, ba ta bi ta baki.

Da cikinta ya tsufa na kai ta gidansu don haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Tana zaune a gaba kusa da ni, tana kallon ƙafata. Da za ta sauka ta ce, “Ka gyara birkin ga naka. Tun Bodinga nike ganin kana buga shi sau biyu awa mai daka.” Na yi dariya na ce mace me ta sani a mota. Amma ta yi gaskiya. Birkin ya yi laushi, na san kofin mai yana raguwa, ina ta ƙara masa ina cewa gobe zan duba, goben nan ta yi sati uku ba ta zo ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Ina tashar Shagari da safe an gama yi mini lodi, sai ga wani mutumin ƙauyensu a kan keke, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ce matata ta haihu da asuba, mace, jaririya lafiya lau, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa kuma jini ya ƙi tsayawa, an ce in zo da mota. Muka zubar da buhunan nan a ƙasa, na bar yaron motata yana gadin kayan mutane, na fizgi mota ni kaɗai. Hanyar ƙauyen ta bi ta wani kwazazzabo mai gangare, a gindinsa akwai ’yar siririyar gada da ruwa ya zaizaye gefenta. Da zuwa hawa ne a gare ni, ban nemi birki ba. Sai da na iso ƙofar gidan na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na buga, na buga, wayam. Tsibin takin da ke gefen zaure ne ya tsayar da ni.

Na san ba zan sauka gangaren nan da mara lafiya a baya babu birki ba, gaba ɗayanmu za mu ƙare a kwazazzabon. Na buɗe bonet, kofin mai ƙaf. Na kwanta na leƙa, tayar baya ta hagu a jiƙe har tana ɗiga. Robar ciki ce ta fashe, ita ce take yoyo tun sati ukun nan. Ina da sabuwa a gwangwanin kayana, tun ranar da matata ta yi magana na saye ta na jefa a ciki. Na ɗaga mota, na cire taya, na canja roba, kafin a dama fura na gama. Saura korar iska. Man birkin da ke gare ni gwangwani ɗaya ne da ɗan saura a wani, babu kuma inda za a samu wani sai Shagari. Na ɗaga kai ina neman wanda zai taka mini. Duk mazan garin suna gonakin fadama, mai keken da ya kira ni yana can baya yana turo kekensa a laka. Namiji ɗaya ne a wurin, yana tsaye a bakin zaure da carbi a hannu, yana kallon wata bishiya kamar ba ’yarsa ce a ciki ba.

Na cire takalmi na je na durƙusa. Na ce, “Baba, a yi haƙuri, ana son wanda za ya taka wani abu cikin mota.” Ya taho. Mutumin da bai taɓa zama a kujerar direba ba, ya tattara rigarsa ya shiga, na nuna masa abin takawar da yatsa ina kallon gefe. Na yi masa bayani a gajarce cikin ladabi, a taka sau uku a danne, kada a saki sai an ji magana. Ya gyaɗa kai. Ban gaya masa cewa abin zai faɗa ƙasa ba, don bayanin ya yi tsawo, ni kuwa kowace kalma a gabansa nauyin dutse take yi mini.

Na shiga ƙarƙashi. Na ce, “A taka,” da irin muryar da nake gaishe shi. Ya taka. Na ce, “A riƙe.” Na kwance noti, mai ya feso da kumfa, sai na ji ƙarar ƙarfe ta koma sama, na ji motar ta yi wani ɗan tsotso a kusa da kunnena. Ya ɗaga ƙafa. Abin ya faɗa masa ƙasa, ya tsorata ya ɗauka ya karya wa surukinsa mota. Na sani sarai, kunnena ya ji, babu ko shakka. Abin da ya rage kawai in ce, “Baba, kai ne, kada ka ɗaga.” Wallahi na buɗe baki. Harshena ya ƙi. In ce wa mahaifin matata ya yi kuskure, ina kwance yana sama, da murya mai ƙarfi har matan gida su ji? Sai na ɗaure noti na ce, “A sake takawa.” Muka zagaye tayoyi huɗu a haka, yana ɗagawa ina yin shiru. Na fito na taka da kaina, buhun auduga. Na ƙara mai muka sake zagayawa, na ɗan ƙara jaddada “a riƙe ƙwarai”, ya ce to, abin ya faɗa, ya sake ɗagawa. Shi ma ya ga alamar wani abu ba daidai ba, amma kunya ba ta bar shi ya tambayi yaron da yake aurar ’yarsa ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da ya dube ni a karo na farko a rayuwarsa, ido cikin ido, yana jiran in faɗi abin da ke faruwa, sai na ce, “Baba, ina jin masta ta.” Na ɗora wa mota laifi don in wanke shi. Kuma tunda na faɗa, sai na bi ƙaryata. Na ɗauki sifana na kwance mastar da ƙafata ta riga ta gaya mini lafiyarta ƙalau, na zare robobinta ina jujjuya su a rana, ina hura su, ina mayarwa, ina fatan kafin in gama Allah ya jefo wani namiji daga gona in sa shi a kujerar ba tare da na kunyata kowa ba. Babu wanda ya zo. Inuwar zaure da ta rufe motar lokacin da na iso ta janye ta koma gindin bango. Daga cikin gida babu kuka babu ihu, matan da ba sa yi, sai muryar jaririya jefi-jefi. Sau biyu wata mata ta fito da kwano a rufe da zane ta zagaya bayan gida, tana kare shi da jikinta don kada mu gani. Na gani. Ina ta addu’a a zuci ina cewa ya Allah ka kawo mutum, alhali mutum yana zaune a kujera, bakina ne kawai babu.

Ungozoma ce ta fito, wata tsohuwa da ta yanke cibiyar rabin garin, ba ta jin kunyar kowa. Hannayenta ko wankewa ba ta yi ba. Ta ce, “Kai direba, kai kuma malam, mi kuka jira? Tun hantsi nike saurare, shiru kuke awa masu zaman makoki. Ko kun hwara tun yanzu? Yarinya na tahiya! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi!” Ta juya ta koma.

Ina ƙarƙashin mota lokacin, na mayar da masta, gwangwanin mai saura abin da bai fi kurɓi uku ba. Sai na ga ƙafafun surukina sun sauko. Na ga gwiwoyinsa a ƙasa. Dattijon nan da ban taɓa ganin ƙeyarsa ba hula ba, ya cire hula ya ajiye, ya kwanta a cikin laka da taki ya jawo jiki har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ya ce, “Ɗana, hwaɗa min gaskiya. Motag ga ta, ko ni na?” Na yi shiru. Ya ce, “Ni na ke nan. Tun yaushe ka sani?” Na ce, “Tun na hwarko, Baba.” Na ɗauka zai tsine mini. Sai ya kira sunanta. Sunan da ya raɗa mata da bakinsa bai sake faɗa ba shekara ashirin, ya faɗe shi cikakke. Ya ce, “Tana ciki tana ƙarewa, kai kana nan kana raga min? Ɗiyata ta! Yau ba ni da girma. Ka yi min tsawa awa jakinka, ka zage ni in ta kama.”

Na gaya masa abin zai faɗa ƙasa, kuma faɗawar ita ce aikin. Na karɓi ƙoƙon alwalarsa na tara a ƙarƙashin noti don kada ɗigo ya sake zuba a ƙasa. Ya hau. Na buɗe maƙogwaro irin na gareji: “Taka! Taka! Riƙe! Kak ka ɗaga, tsoho, in ka ɗaga ka kashe ta!” Daga sama na ji ya amsa da ƙarfi kamar sabon ɗan koyo, “Na riƙe!” Na ɗaure. “Saki!” Muka koma taya ta gaba. Man da ya taru a ƙoƙo na tace shi da bakin rigata na mayar a kofi. Ina tsawa ina kuka, yana amsawa, kaji suna watsewa. A taya ta huɗu mai ya fito wankakke babu kumfa. Na zauna na taka, birki ya tsaya a sama kamar dutse. Aikin da ya cinye mana daga hantsi har rana ta take tsaka, da na buɗe baki bai ɗauki lokacin shan ƙwaryar fura ba.

Aka shimfiɗa katifa a baya aka fito da matata. Ta yi fari kamar ba ita ba, leɓɓanta sun bushe. Da muka ɗaga ta sai ta buɗe ido ta gan ni da mai har gira, ta ce a hankali, “Ka gyara?” Na ce, “Na gyara.” Ta ɗan yi murmushi ta rufe ido. Mahaifiyarta, da muke kira Inna, ta ɗora kanta a cinya, ungozoma ta zauna a gefe, aka bar jaririya wurin wata mai goyo. Surukina ya shiga gaba kusa da ni. A gangaren kwazazzabo birki ya riƙe mu muka tsallake gadar lafiya. A Shagari malamin ɗakin magani ya yi mata allura, ya ce jini take bukata, mu wuce Sakkwato kada mu tsaya ko’ina. Na hau kwalta na ba mota wuta. Muka wuce Lambara. Na fara hango itatuwan bakin Bodinga ina cewa a raina saura kaɗan, saura kaɗan, sai na ji Inna tana dukan rufin mota da tafin hannu. Na taka birki sau ɗaya. Motar ta tsaya cak, ko ja gefe ba ta yi ba. Duk tsawon shekarun da na yi ina taɓa mota ban taɓa yin birki mai kyan wannan ba, ya shekara biyu ba a sake taɓa shi ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, na yi imani da haka. Babu likitan da ya ce mini da kun zo da wuri da ta rayu, ban kuma tambaya ba don ina tsoron amsar. Washegari kunya ta dawo wurinta kamar ba a yi komai ba, na ci gaba da cire takalmi daga nesa. Ranar suna surukina ya ce a sa wa jaririyar sunan uwarta, kuma ya hana a yi mata laƙabi. Jika abokiyar wasa ce, babu kunya tsakaninsu, sai ya zama daga safe har yamma yana ƙwala sunan nan a tsakar gida, da dalili da babu dalili. Sau ɗaya tak muka taɓa maganar, bayan shekaru, na same shi a bakin gona ya tsufa ƙwarai. Bayan gaisuwa ya ce yana kallon gero, “Ƙahwata ta.” Na ce, “Bakina na, Baba.” Bai ƙara ba, ban ƙara ba.

Yanzu duniya ta canja. Mijin ’yar nan tawa yakan zauna kusa da ni a tabarma ɗaya, ya sa hannu a kwanona, ya ce mini “Baba, ba haka ba ne” a gaban mutane. Idan muka taru a majalisa tsarana suna kukan kunya ta ƙare, nakan taya su, kuma ba munafunci nake yi ba. Ina kewar zamanin da yaro yake sakin hanya don babba, ina kewar gaisuwar da ake yi a durƙushe, akwai wani daɗi a cikinta da yaran yanzu ba za su taɓa sani ba. Amma idan suka kai ga cewa kunya ba ta taɓa cutar da kowa ba, sai in tashi in ce zan je alwala.

To shekaranjiya, a gaban rumfar nan, na matsa kusa na ga yadda bakaniken yake yi. Ya kwance notin, ya cusa masa wani siririn tiyo, ɗaya bakin tiyon ya tsoma shi a kwalba mai ɗan man birki a ciki. Ya tashi ya je ya zauna ya yi ta takawa yana saki son ransa, kumfa tana fita a kwalba, ya dawo ya ɗaure. Na yi masa sallama na ce, “Ɗana, in mai takawa ya ɗaga ƙahwa noti na buɗe fa?” Ya yi dariya ya ce, “Shi ɗaga mana, Baba, ko sau ɗari. Bakin tiyo na cikin mai, in ta ja, mai za ta ja, ba iska ba.” Na ce ina ake samun irin tiyon nan. Ya ce, “Na ruwan wanke gilas na. Kowace mota na da shi.”

Kowace mota. Tawa ma tana da shi. Yana nan a cikin bonet, bai fi taƙi ɗaya daga mastar da na zauna ina kwancewa ba, na san na ture shi da bayan hannu ranar don ya tare mini sifana. Kwalba kuwa akwai ta kananzir a zauren surukina, ina ganinta a kan taga har yanzu. Da na san wannan, ba na bukatar in yi wa kowa tsawa, ba na bukatar kowa ma. Astagfirullah, na san babu mai ƙara wa wani kwana. Amma na roƙi mutumin ya yanko mini guntun tiyon, ya ba ni yana mamaki, na sa a aljihu na juyo gida na manta da gwiwa da maganinta.

Na tarar ’yata ta zo kawo mini tuwo, ita ma yanzu furfura ta fara fito mata, ta wuce shekarun da uwarta ta yi a duniya nesa ba kusa ba. Tana durƙushe tana buɗe kwano, ni ina zaune da tiyon a hannu ina auna shi, kamu ɗaya ne bai ma cika ba. Ban san lokacin da na ƙwala sunanta ba, da dukan ƙarfina, har maƙwabta suka leƙo. Ta zabura ta dafe ƙirji ta ce, “Baba, ga ni gabanka, mi na na tsawa?” Na ce, “Bar ni in yi, ɗiyata. Wadda ya kamata in yi da hantsi ta, sai yanzu ta samu hita.”